Yadda na shiga Ostiriya da ƙafa ina neman ɗan ƙanwata

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Passau, can kudancin Jamus, ya ce min a waya: "Kawu, in ka sauka daga jirgin ƙasa, jira ni a bakin kogi." Ni mutumin Yawuri ne, a wurinmu in an ce kogi an gama magana. Yaron bai gaya min garin nasu koguna uku gare shi ba: Danub, Inn da ɗan autansu Ilz.

Na gangara na tarar da ruwa, na kafe rabin awa da jakata. Da na kira shi sai ya ce, "Kawu, wane launi ne ruwan?" Ka ji min tambaya! Na ce kore-kore. Ya ce wannan Inn ne, daga duwatsun Alps yake saukowa, shi kuwa yana bakin Danub. Ilz kuma baƙi ne, kada in je can.

Maimakon in juya baya, sai na haye gada. A can na ga wata matattakala mai rufi, na ce bari in hau in hango shi daga sama. Ashe hawa 321 ne zuwa cocin Mariahilf, masu ziyara na tsayawa a kowane taki suna addu'a. Ni ma ina tsayawa, amma numfashi nake nema. Wata tsohuwa ta dube ni ta gyaɗa kai, ta ɗauka ta ga babban mai ibada.

Daga sama garin kamar goshin kwalekwale yake, ya kutsa tsakanin ruwa biyu. Na bi wata hanya da nake zaton gajera ce, ina cikin tafiya waya ta yi ƙara: barka da zuwa Ostiriya. Ba shinge, ba ɗan kwastan, ba mai cewa a ba shi na goro.

Sai la'asar muka haɗu a gindin ginin majalisar gari, inda aka zana iyakar kowace ambaliya a bango. Ta 1501 ce a can ƙoli, ta 2013 da ta kai mita 12.89 tana biye da ita. Yana ta zuba min tarihi, ni ina tausa gwiwa.

Kafin dare ya shaida wa uwarsa cewa Kawu ya zaga ƙasa biyu a yini ɗaya. Yanzu duk dangi tsarabar ƙasa biyu suke jira.