Bugu Ɗaya Malam Yake Mata

Tunda dai bidiyon abin da ya same ni da Vespa ya riga ya zaga, har ƙanwata da ke aure a Damagaram ta bugo waya ta kasa gaishe ni don dariya, gara in faɗi nawa ɓangaren. Wanda ya ɗauka kuwa ya daina rantse-rantse, na gane inuwar hularsa a ƙasa.

Kun dai san Vespar. Ta marigayi mahaifinmu ce, Super 150, da ariyas ɗin ƙarin albashin ma'aikata na Udoji ya saye ta a 1975, shekarar da malaman makaranta suka rabu gida biyu, masu sayen babur da masu ƙara aure. Shi Malam babur ya saya, don Inna ba ta da wasa. Tun rasuwarsa take jingine a zaure, kaji suna ƙwai a inda ake ajiye ƙafa, 'yan gwangwan suna zarya suna tayawa da kilo. Bayan Sallar layya ta bara na fito da ita na miƙa wa bakaniken nan namu na bakin kwalbati. Sauran kun sha shi a hotuna: fistin da ringi na Bajaj, 'yan Indiya, tunda asalin ƙirar ɗaya ce, kafireta ta asali aka wanke aka mayar, wayoyin giya da na kuloci duk sababbi. Taya ce ta fi ba ni wahala. Tata 3.50-8 ce, amma duk shagon da na shiga a Ƙofar Ruwa sai a miƙo mini 4.00-8 ta adaidaita sahu a ce ai duk inci takwas ne, ko a ce in sa inci goma ta Vespa PX in huta. Kala kuwa daga cikin murfin akwatin kayan aiki na hagu mai fenti ya kwafo ta, inda rana ba ta taɓa gani ba. Ku riƙe wannan maganar ta kala, za ta dawo.

Ranar Lahadin da 'yan majalisarmu suka fito da tsofaffin motoci da baburansu, a bayan a-kori-kurar Dogo muka kai ta filin firamare, don kada taya ta yi ƙura kafin jama'a su gani. Ciyaman ɗin majalisa ya riga ya kafa Fijo 504 ɗinsa 'yar Kaduna a gindin darbejiya, wadda tun kafin a cire tallafin mai take kan "saura kaɗan". Likita ya zo da Beetle. Injiniya ya zo da Honda CD 175 wadda ci gabanta na watan nan shi ne sabuwar rigar kujera. Ni kuma na sha farar shadda ɗinki uku, zanna bukar, baƙin gilashi, na kuma gayyato yayan uwargida, don shi ne ke yawo yana cewa kuɗin makarantar yara nake zubawa a gwangwani.

Da aka zo kaina na yi ɗan jawabi. Na ce wannan ba ta san batir ba, da kanta take haɗa wutarta. Na ce ba ta da wurin zuba baƙin mai daban irin na Boxer ɗinku, a cikin fetur ake gauraya mata, kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 a kowace lita. Na nuna wa samari giya huɗu a hannun hagu tare da kuloci, da birkin baya a ƙasa wajen ƙafar dama, suna ta "kai, kai". Sannan na sunkuya na buɗe famfon mai, na ja cok, na tattare babbar riga a kafaɗa, na yi bisimilla, na taka kik.

Ta ce fut. Shi ke nan abin da ta ce.

Daga can bayan jama'a wata murya ta ce, "Allah ya ji ƙan Malam. Bugu ɗaya yake mata."

Aka amsa gaba ɗaya, "Amin."

Ni ma na ce amin. To me zan ce? Ubana ake wa addu'a.

Baba mai goro ne. Ba ɗan majalisarmu ba ne, bai taɓa mallakar ko keke ba iya sanina, faifansa kawai ya ɗauko ya biyo taro. Kuma ina so a fahimci irin dabarar mutumin nan, don ba a banza ya yi furfura ba. Da cewa ya yi yaron nan bai iya ba, da na samu bakin ramawa. Amma sai ya naɗe maganar cikin addu'a ya jefo, ta yadda duk lokacin da ya soke ni, dole ni da bakina in ce amin. Na sake bugawa, fut. "Allah ya kai haske kabarinsa. Ko cok ba ya ja." Amin. Na ƙara. "Mutumin kirki. Hannunsa ɗaya a aljihu yake tayar da ita." Amin, Baba, amin.

Kuma ƙarya ce. Ni na tashi a gidan nan. Da idona na sha ganin Malam da sanyin hunturu yana fama da ita a ƙofar gida har a buga ƙararrawar makaranta, mu kuma a tashe mu daga kan koko mu tura shi har bakin titi. Sau nawa Inna ta ce ya sayar ya sayi keke? Amma yanzu Malam ya rasu, Baba mai goro ya zama shi ne mai riƙe da tarihinsa. Har cewa ya yi Malam ya sha goya shi zuwa kasuwar Kurmi. Malam da bai taɓa goya kowa ba sai Inna ranar awo da ragon layya sau ɗaya, shi ma sai da ragon ya yi masa fitsari a riga. Sannan ga maganar kala. Tun ranar da ya hango ta wajen mai fenti yake bin mutane yana cewa ai ta Malam ruwan toka ce, wannan shuɗin na 'yan zamani ne. Ruwan tokar da ya sani ƙura ce da rana. Na kai shi har gaban murfin na buɗe masa ya ga fentin kamfani da idonsa, sai ya ce to ai ciki daban, waje daban. Mutumin da har yau Inna ke binsa kuɗin goron sunan autanmu, wanda ya kawo duk da tsutsa. Autan yanzu yana da 'ya'ya uku.

To, na ci gaba da bugu. Na cire gilashi na ba yayan uwargida. Na cire hula. Jama'a suka matso, kowa ya zama bakanike. Likita ya ce wuta ce babu. Injiniya ya ce mai ne bai sauko ba. Dogo ya ce mai ne ya yi yawa, ta shaƙe, in mayar da cok in rufe famfo in murɗa totur har ƙarshe. Wani da ban taɓa gani ba ya ce a kwantar da ita ta ɓangaren inji a ƙirga goma, haka ake yi musu a da. Aka kwantar, aka ƙirga, aka tayar, fetur ya ɗiga mini a takalmi. Bakanikena kuwa ya tafi suna ƙauye, yaronsa ya turo, wani siririn yaro da bai ce uffan ba tun zuwanmu. Shi ya ɗage murfin dama ya kwance fulogi ya nuna mini: baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf. Ya ce a hankali, "Oga ya ƙara mata baƙin mai, wai saboda sabon fistin." Wato kashi biyun da na gama yi wa jama'a lacca a kai, ba shi ne a tankin ba. Aka kai fulogin wajen mai shayi aka gasa a wuta, aka goge, aka mayar.

Kafin nan babbar riga ta tafi hannun yayan uwargida. Da na ga baƙin mai ya fara fantsama, na cire 'yar cikin ma, don shaddar ba ta arha ba ce. Ya rage daga ni sai singileti da wando, gumi har cikin kunne, yayan uwargida na tsaye da kayana a hannu yana kallon sama.

Na ja da baya. Na ce a raina wannan bugun ko ni ko ita. Na kama totur da dama, na ɗora ƙafa, na yi sama da dukkan jikina na sauko.

Abu biyu suka faru a lokaci ɗaya, kuma ni kaɗai na ji na biyun. Vespa ta kama, tatatatata, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe fili, yara suka sa ihu. A ƙuguna kuma wani abu ya ce ɗas. Mazagi.

Hannun hagu ya kai wa wando cafka tun kafin in gama fahimtar abin da ya faru. Hannun dama na kan totur, kuma ba halin saki, don ba a saita silo ba, ina sassautawa take fara shaƙewa. To ga ni nan tsaye, dama na riƙe da Vespa, hagu na riƙe da mutunci, hayaƙi ya rufa mini asiri. Da an bar ni haka, da na san yadda zan yi. Da na kira yaron nan da ido ya karɓi totur.

Sai ga Ciyaman ya keto hayaƙi, fuska cike da fara'a, ya miƙo hannu. "Barka, ɗan Malam! Barka da arziki!"

Ku da kuke dariya, ku gaya mini me za ku yi. Dattijo ya miƙo hannu a gaban jama'a. Hagu ba a ba babba, kuma ko ana bayarwa tana kan aiki. In na saki totur, ta mutu, Baba mai goro ya samu na cin tuwo har shekara. Sai na yi abin da a lokacin na ɗauka hikima ce: na buɗa ƙafafu, na manna ƙugu a jikin Vespa na danne wandon, na tsallako da hagu ta karɓi totur, na ba Ciyaman dama. Na ce, "Ranka ya daɗe, sai godiya."

Kun san Ciyaman da musabaha. Ba ya saki. Ya riƙe, ya girgiza, ya ɗora ɗaya hannun a kai, ya juya yana kiran Likita ya zo ya ji sautin inji, ya fara ba da labarin wata Vespa da yayansa ya taɓa hawa daga Kano har Gusau. Ita kuma wannan, duk wanda ya taɓa jingina da Vespa tana aiki ya san yadda take karkarwa. Karkarwar nan ta bi ƙuguna. Ina ji shadda ta fara zamewa, sannu sannu, ita da sitati da santsin sabon fenti. Na ƙara buɗa ƙafa. Ta wuce ƙugu. Na ƙara dannawa, sai Vespar ta fara rangaji a kan jakinta, na sassauta. Ta kai cinya. Ciyaman bai ko isa Funtuwa ba a labarinsa. A daidai nan iska ta taso daga gabas ta kwashe hayaƙin nan tas, wando kuma ya ƙarasa sauka a natse kamar tutar makaranta ranar ba da hutu.

Wanda ke ciki gajere ne, alhamdu lillahi, har gwiwa. Amma mai tambarin ƙungiyar ƙwallon nan ce da na shekara ina zagi a majalisa. Yara ne suka sayo mini. Ban ga dalilin da zai sa in yi wa kowa bayani ba.

Fili ya yi tsit, sai tatatata. Ciyaman ya dubi ƙasa, ya dubi sama, har yanzu hannuna na cikin nasa. Na saki totur don in ɗauko wando, ta yi tari biyu ta mutu. A cikin shirun nan Baba mai goro ya gyara murya.

"Malam dai da wandonsa yake tayar da ita. Allah ya ji ƙansa."

Wallahi sai da aka ce amin. Har da yayan uwargida, da ƙarfi ma.

Yaron bakanike ne ya yanko mini robar tsohon tub na ɗaure ƙugu. Da zai mayar da murfin inji, sai ya ɗan taka kik ɗin da silifas, wai don ya ji ko fistin na motsi, ta tashi. Wannan ba ya cikin bidiyon, kuma ban ce a nemo ba. Ai ta riga ta yi zafi, ko akuya ta taka za ta tashi.

Uwargida ba ta ce komai ba da na shigo, robar kawai ta kalla ta koma ɗaki, na jiyo ta tana waya da yayanta ƙasa-ƙasa. Washegari na kai wa tela wandon na ce wane irin mazagi ne wannan. Ya juya shi ya ce, "Yallaɓai, ai wannan ɗinkin Juma'a ne, ba ka ce mini na bugun kik kake so ba." Ya kuma caje ni kuɗin sabo.

Bakanike ya dawo daga suna, ya zubar da man tankin, ya saita silo, yanzu tana tashi lafiya lau, sai dai duk da sassafe ne lokacin da ba kowa a layi. Baba mai goro kuma na canza hanya, ta bayan masallaci nake bi. Jiya ya aiko jikansa da goro biyu, wai a gaishe da ɗan Malam, a tambaye shi ko zai sayar.

Sifanar fulogina ma ban gan ta ba tun ranar. Mai jan tef a hannu. Dogo, duba bayan motarka.