Ɗan akwatin da ke hana tsohon fursuna aiki a Amurka

A takardun neman aiki da yawa a Amurka akwai wani ɗan akwati da ake so ka sa wa alama idan kotu ta taɓa yanke maka hukunci. Mutum ya fito daga gidan yari shekara goma da suka wuce, ya koyi walda, ya yi aure har da 'ya'ya, amma da zarar ya sa alamar nan takardarsa ta faɗa kwandon shara tun manaja bai ga fuskarsa ba. Amurkawa wajen miliyan 70 ne ke da wani tabo a kundin 'yan sanda ko na kotu.

Jihar Hawaii ce ta fara taka wa wannan tambaya birki a 1998, yau kuwa jihohi sama da 30 suna da irin dokar. A Disamban 2019 Shugaba Trump ya sa hannu a ta tarayya, ta fara aiki a 2021. Ta hana ma'aikatun gwamnati da 'yan kwangilarsu tambayar tarihin laifi sai bayan sun yi wa mutum tayin aiki. Binciken yana nan, jinkirta shi kawai aka yi, kuma aikin tsaro irin na ɗan sanda ba ya ciki.

Ni ina bayan wannan doka. Wanda ya gama wa'adinsa ya biya bashin da alƙali ya ɗora masa, kuma in ka toshe masa hanyar halak kai ka tura shi ga tsohuwar sana'arsa. A bar shi ya zauna gaban mai ɗaukar aiki ya yi bayani da bakinsa.

Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Masu bincike biyu, Amanda Agan da Sonja Starr, sun aika takardun neman aiki na gwaji kusan 15,000 ga kamfanoni a New Jersey da birnin New York, wasu da sunayen fararen fata, wasu da na baƙaƙe. A kamfanonin da ke da akwatin, kafin dokar cire shi ta fara aiki a wuraren nan biyu, fararen sun fi baƙaƙe samun kira da kashi 7 cikin ɗari. Bayan an cire shi, tazarar ta haura kashi 40. Wato da aka hana manaja tambaya, sai ya koma yin hasashe da suna, saurayi baƙar fata da ko caji ofis bai taɓa shiga ba ya ɗauki laifin da bai aikata ba.

Wasu sun ce to a dawo da akwatin. Ban yarda ba. Abin da binciken ya tona wariya ce, kuma dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta riga ta haramta ta wajen ɗaukar aiki. Hukumomi su riƙa aika irin waɗannan takardun gwaji da kansu, kamfanin da aka kama yana tace mutane da suna a kai shi kotu a ci shi tara mai zafi.