Mai barin alkama don dole da mai barin ta don yayi

Mutum biyu za su shiga gidan cin abinci, kowanne ya ce wa ma'aikaci, "Ba na cin gulutin." Na farko idan ɓurɓushin burodi ya faɗa masa a miya bai sani ba, kwanaki zai yi yana fama da murɗawar ciki da gudawa da kasala. Na biyu kuwa idan aka zagayo da kek a ƙarshe, sai ya ce bari ya ɗan taɓa, ai yau ɗaya ce. Ina cikin sahun farko. Ina da cutar siliyak, kuma ina zaune a Italiya, ƙasar da taliya da burodi suke kan kowane teburi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, gardamar da ake ta yi kan ko gulutin guba ne ko ba guba ba ta danne muryar masu ciwon na gaske, ta kuma hana mutane da yawa yin abin da ya fi komai muhimmanci, wato gwaji kafin a bar abincin.

Gulutin wani sinadarin furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin da ake kira rai. Shi ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, ya riƙe iska, burodi ya tashi. Shinkafa da masara da gero da dawa da dankali ba su da shi. Yawancin ƴan Adam suna cin sa lafiya ƙalau har ƙarshen rayuwarsu. Amma kusan mutum 1 cikin 100, da zarar gulutin ya isa ƙaramin hanjinsa sai garkuwar jikinsa ta juyo ta far wa hanjin. A bangon hanji akwai wasu ƙananan tsiro masu kama da gashin tawul, su ke zuƙe amfanin abinci su kai cikin jini. Cutar siliyak tana cinye su har bangon ya zama sumul. Daga nan mutum ya ci ya ƙoshi amma jiki bai samu ba: jini ya yi ƙasa, ƙashi ya yi rauni, yaro ya ƙi girma, wani ma fatarsa ce za ta fito da ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi. Har yanzu babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da ita. Maganin kawai a bar gulutin gaba ɗaya, har mutuwa.

Cutar ba ta yau ba ce. Wani likita a Landan, Samuel Gee, ya yi bayaninta dalla-dalla a 1888, ya kuma fahimci cewa sauƙinta yana cikin abinci, sai dai bai gano wanne ba. Likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya daɗe yana zargin alkama, kuma yunwar da ta auka wa ƙasarsa a lokacin sanyin 1944 zuwa 1945 ta ƙarfafa masa zargin. Burodi ya yanke, jama'a suna ramewa, amma yaran da ke da wannan ciwo suka fara murmurewa. Da burodi ya dawo, ciwonsu ya dawo. A 1950 ya rubuta sakamakon bincikensa. Duk mai cewa masu talla ne suka ƙirƙiro wannan lalura kwanan nan, to ya makara da shekaru saba'in.

Rashin yarda iri biyu na gani, kuma sun sha bamban. Na farko na mutanen da na baro a gida ne, waɗanda ba su taɓa jin sunan cutar ba. Ranar da na gaya wa gwaggona a waya, shiru ta yi, sannan ta ce, "Ke ƴar nan, kin je Turai kin kwaso ciwon Turawa. Abinci ne zai kashe mutum?" Na ce, "Gwaggo, wallahi tun ina gabanki nake da shi. Kin tuna yadda kullum ake cewa ba ni da jini?" Ta ce ta tuna, Allah ya sawwaƙe, amma na ji a muryarta ba ta gamsu ba. Ban ga laifinta ba. Abin da ba ta sani ba shi ne, adadi mafi yawa da aka taɓa samu na wannan cuta a Afirka aka same shi. A 1999 likitan Italiya Carlo Catassi da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi wa yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, suka tarar kashi 5.6 cikin 100 suna da ita, wato ninki biyar na abin da aka saba gani a Turai. Ana samun ta a arewacin Indiya da Gabas ta Tsakiya. Inda ba a gwaji, sai yaro ya yi ta gudawa da kumburin ciki ana ba shi maganin tsutsa, babba ya yi ta shan maganin ƙarin jini shekara da shekaru ba canji.

Rashin yarda na biyu ya fi mini zafi, domin na mutanen da suka ji sunan ne har ya gundure su. A farkon shekarun 2010 barin gulutin ya zama yayi, musamman a Amurka da Ingila. Littattafai suka fito suna ɗora wa alkama laifin ƙiba da mantuwa da kusan duk ciwon zamani. Ɗan wasan tanis Novak Djokovic ya bar gulutin a 2010, a shekarar da ta biyo baya ya lashe manyan kofuna uku cikin huɗu, sai kowa ya ce ai ga shaida. Kamfanoni suka shiga manna tambarin "babu gulutin" har a kan abin da tun asali ba shi da shi.

Gaskiya ɗaya ce, yayin ya yi mana rana ta wani ɓangaren. Da can mai siliyak sai ya je kantin magani ya sayi burodin da ba ya tauno. Yau kusan kowane babban kanti yana da kanta guda ta kayanmu, kuma ɗanɗanon ya gyaru sosai. Dokoki ma sun ƙara tsauri. A Turai da Amurka ba a yarda a rubuta "babu gulutin" a kan kaya ba sai abin da ke ciki bai wuce kashi 20 cikin miliyan ba, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta kafa wannan ƙa'ida a 2013. Kuɗin masu yayi ya taimaka wajen faɗaɗa kasuwar, wannan ba na musu.

Amma a ɗakin girki an yi asara babba. Mai dafa abinci da ya ga mutum goma sun ce ba sa cin gulutin, tara daga ciki sun ƙare da cin kek, me zai sa ya wanke tukunya don na goman? A wata tafiya da na yi zuwa wata ƙasa da ba Italiya ba, na yi wa ma'aikacin wani gidan abinci bayani tiryan-tiryan, ya gyaɗa kai yana murmushi. Da aka kawo salak ɗin, na ɗaga ganyen da cokali sai ga ɓurɓushin soyayyen burodi a ƙasa. An zuba, aka tuna, aka tsince manyan da hannu. Da na mayar, sai ya ce ai ya cire, ɗan wannan ba zai yi komai ba. Ba mugu ba ne. Ya saba da mutanen da ɗan wannan ba ya yi musu komai.

Wanda bai zauna da mai siliyak ba ba zai gane yadda ƙaramin abu ke zama babba ba. A gidana akwai katakon yanka biyu, matsamin taliya biyu, na'urar gasa burodi biyu. Kwalbar man shafa burodi tawa daban take da alama a murfi, domin wuƙa ɗaya da aka goga a burodin alkama aka mayar ciki ta ɓata kwalbar. Soyayyen dankali ba shi da gulutin, amma idan an soya shi a man da aka soya kaza mai fulawa, ya haramta gare ni. Miyar soya ta abincin Sin da Japan, yawancinta da alkama ake haɗa ta. Duk fakitin da na ɗauka sai na juya bayansa na karanta, ko da na sha sayen sa, don kamfani yana iya canza haɗi ba sanarwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Nan ne nake jinjina wa Italiya. Mutum zai zaci ƙasar da ke alfahari da alkama za ta fi kowa raina mu, sai ga shi akasin haka ne. Ƙungiyar masu siliyak ta ƙasar tana nan tun 1979, tana horar da masu gidajen abinci. Dokar da aka yi a 2005 ta ɗauki cutar a matsayin matsalar al'umma, ta wajabta wa wuraren cin abinci na makarantu da asibitoci su tanadi abincin da ba gulutin ga wanda ya nema. Wanda likita ya tabbatar masa da cutar yana samun tallafi kowane wata na sayen kayan abincinsa. A 2023 kuma majalisa ta amince da dokar gwada yara a faɗin ƙasa don gano siliyak da ciwon suga nau'i na ɗaya tun kafin su yi ɓarna. A gidajen abinci da yawa idan na yi magana, tambayar farko ita ce, "Siliyak ne, ko zaɓi ne?" Idan na ce siliyak, sai a canza tukunya da ruwa da cokali. A Ingila kuwa, daga ƙarshen 2018 aka taƙaita abin da likita zai iya rubuta wa majiyyaci zuwa burodi da garin haɗi kawai, wasu yankunan ma sun daina gaba ɗaya, bisa hujjar cewa ai yanzu kayan suna ko'ina a kantuna. Suna nan, amma sun fi na alkama tsada nesa ba kusa ba, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne ke ji a jikinsa.

Akwai rukuni na uku da ba na son a yi musu abin da ake yi mana. Mutane ne da aka gwada ba su da siliyak, ba su da borin jini na alkama, amma duk lokacin da suka ci burodi cikinsu ya kumbura. Ba ƙarya suke yi ba. Sai dai binciken da aka yi a kansu ya nuna abin ya fi yadda ake zato sarƙaƙiya. A 2011 ayarin Farfesa Peter Gibson na Jami'ar Monash a Ostireliya ya fitar da sakamakon da ya nuna gulutin yana damun irin waɗannan mutane. Su da kansu suka sake gwajin da tsari mafi tsauri, a 2013 suka ce da aka rage wasu nau'o'in sukari masu tsami a hanji daga abincin mutanen, sun samu sauƙi, kuma da aka mayar musu da gulutin a ɓoye ba a ga wani tasiri nasa na musamman ba. Na girmama su a kan wannan, don ba kowane malami ne zai fito ya rushe abin da ya yi suna da shi ba. A 2018 wani gwaji a Norway a kan mutum 59 ya nuna cewa furuktan, wani sinadari da ke cikin alkama, ya fi gulutin tayar musu da ciki. Furuktan ɗin nan yana cikin albasa da tafarnuwa ma. Ke nan mutum zai iya shekaru yana gudun gulutin, yana sayen kaya masu tsada, alhali abin da ke damun sa yana cikin miyarsa.

Shi kuwa mai lafiya da ya bar alkama don ya rame ko don zuciyarsa, ban ga abin da ya ci ba. Wani bincike da aka wallafa a mujallar likitoci ta BMJ a 2017 ya bi ma'aikatan lafiya fiye da 100,000 a Amurka tsawon shekara 26, bai ga alaƙa tsakanin cin gulutin da ciwon zuciya ba. Masu binciken ma gargaɗi suka yi cewa gudun gulutin yakan sa mutum ya rage cin hatsi mai dusa, wanda shi ke kare zuciya. Yawancin burodi da biskit ɗin da nake ci da sitacin shinkafa ko na masara ake yin su, a ƙara mai da sukari don su ciwu. Wanda ya ji daɗin jikinsa bayan ya bar alkama, sau da yawa kek da biskit da abincin kan hanya ya bari. Cikinsa ne, ya ci abin da ya ga dama. Roƙona kawai kada ya ce wa mai dafa abinci yana da ciwo alhali ba shi da shi.

Inda yayin ya fi yin illa shi ne wajen gwaji. Ana fara gano siliyak da gwajin jini, sannan a yawancin manya a zura kyamara ta baki a ɗebo ɗan ɓangaren hanji a duba. Duka biyun suna buƙatar mutum ya kasance yana cin gulutin a lokacin. Idan ya riga ya bari da kansa, hanji ya fara warkewa, alamar da ake nema a jini ta ɓace, sai sakamako ya fito babu komai. Ƙa'idar likitocin Ingila ita ce a ci gulutin fiye da sau ɗaya a rana na aƙalla mako 6 kafin gwaji. Wanda ya ɗanɗani sauƙi, wa zai lallashe shi ya koma ya yi mako shida cikin azaba? Da yawa ba sa komawa. Sai su zauna a tsakiya, ba su san ko ɓurɓushi yana cinye musu hanji ba, ba a duba ƙashinsu ba, danginsu ma ba su san su ma suna cikin haɗari ba.

Batun dangin nan shi nake fama da shi yanzu. Cutar tana bin jini, kuma kusan 1 cikin 10 na iyaye da ƴaƴa da ƴan uwa na ciki ɗaya da mai siliyak suna da ita, wasunsu ba tare da ciwon ciki ko kaɗan ba. Yayata ta daɗe tana shan maganin ƙarin jini, jinin yana hawa yana sauka. Na ce mata, "Yaya, don Allah kada ki bar komai tukuna. Ki ci abincinki yadda kika saba, ki je ki ce a yi miki gwajin jini na siliyak, ki gaya wa likitan ƙanwarki tana da ita."