Daƙiƙa 10 kacal, haba!

Wai don Allah me ya sa menu ɗin GRUB, wato jerin da ke fitowa da ka kunna kwamfuta mai Windows da Ubuntu (wani nau'in Linux) don ka zaɓi wanda za ka shiga, ba ya jiran mutum ne? Ka kunna kwamfuta, ka ɗan juya ka jona caja ko ka amsa sallama, kafin ka waiwayo daƙiƙa 10 ɗin sun ƙare ta zarce Ubuntu abinta, alhali kai Windows kake so saboda wani taifin da ake jira, dole ka tsaya ta gama buɗewa tukuna ka sake kunnawa, ga batir saura kaɗan ga babu wuta.

Wai maganin ka buɗe fayil ɗin saitin GRUB a Ubuntu, wato /etc/default/grub, ka sa GRUB_DEFAULT=saved, ka ƙara GRUB_SAVEDEFAULT=true, sannan ka ba da umarnin sudo update-grub, sai kwamfutar ta riƙa tuna wanda ka shiga na ƙarshe. To madalla, yana aiki. Amma wanda na shiga jiya da daddare ai ba lallai shi nake so da safe ba!

Ga kuma rikicin agogo. Linux na ajiye lokacin UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya wanda namu ya ɗara da awa ɗaya, a cikin injin, Windows kuma ya ɗauka lokacin gari ne, shi ya sa mu nan da ka dawo Windows agogo ya ja baya da awa ɗaya. Ka duba ka ce Azahar da saura, ashe har an tada sallah.