Kafin Ku Ce "Mun Dawo"

'Yan'uwana matasa, musamman ku masu harkar waƙa da kiɗa, akwai ɗabi'ar da ke damuna. Ƙungiya ta watse saboda kuɗi ko girman kai, bayan shekara biyu a sasanta, washegari a cika Facebook da hotuna ana cewa an dawo, sabon kundi na nan tafe. Wata shida ya wuce, shiru kake ji. Sai a sake ɓatawa, wannan karon ma ya fi na farko muni, domin an yi wa jama'a alkawari an kunyata juna.

Bari in ba ku labarin wata ƙungiyar makaɗa ta yankin Wales a Birtaniya mai suna Man. An kafa ta a 1968 a kudancin Wales, kuma irin kiɗan rok ɗin da suke yi mai dogon zango ne, waƙa guda takan wuce minti 10 a dandali, masu jita biyu suna amsa wa juna. A ƙarshen 1976 suka rabu. Kafin kowa ya kama gabansa sai da suka yi wasan bankwana a zauren wasanni na Roundhouse da ke Landan, suka sallami masoyansu da mutunci.

A 1983 suka sake haɗuwa: Micky Jones da Deke Leonard masu jita, da Martin Ace. Mai gangarsu na da, Terry Williams, ya riga ya shiga wata ƙungiyar makaɗa mai suna Dire Straits, don haka John Weathers, wanda ya yi aiki da ƙungiyar Gentle Giant, ya zauna a kan ganguna. To, ku lura da nan, domin nan ne maganata take. Sabon kundinsu na situdiyo, The Twang Dynasty, bai fito ba sai 1992. Shekara 9 ke nan bayan haɗuwa, shekara 16 bayan kundinsu na situdiyo na baya, The Welsh Connection na 1976.

Me suka yi a tsakani? Hanya suka yi ta bi, suna wasa a Birtaniya da Jamus, sau da yawa a ƙananan ɗakuna, gaban mutanen da suka fara furfura tare da su. Kasuwar ta canza, manyan kamfanonin faifai sun koma kan sababbin jini. Duk da haka suka ci gaba da ɗaukar kaya suna saukewa, har hannu ya sake faɗawa, har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya da inda zai shigo. A ganina wannan haƙurin ne ya sa ƙungiyar ta ɗore, har 'ya'yan Micky Jones da Martin Ace suka zo suka yi kiɗa a cikinta.

Don Allah, idan kun shirya da abokan aikinku, ku bar waya tukuna. Ku zauna ku faɗi abin da ya raba ku tun farko, baki da baki. Ku tsayar da wanda zai riƙe kuɗi da yadda za a raba, a rubuce, da shaidu. Ku sa ranakun gwaji, wanda ya fara fashi ba dalili ku tuntuɓe shi da wuri kafin abin ya zama gaba. In an samu waƙa uku da kowa ya yarda da su, a lokacin ne za ku sanar da masoyanku.