Sirrin gwamnati a Amurka: doka ɗaya, hukunci kala biyu

Jama'a ni fa abin da ke ɗaure min kai game da yadda Amurka ke kwace wa ma'aikaci izinin ganin takardun sirri shi ne, a rubuce tsarin nasu yana da kyau sosai, amma in ka zo wajen aiki da shi sai ka ga wani abu daban.

Suna da ƙa'idoji 13 da suke auna mutum da su, akwai na bashi, na shaye-shaye, na hulɗa da 'yan ƙasar waje, sai kuma wanda ya shafi sakaci da bayanan sirri. Kuma ba wai da ka yi kuskure sau ɗaya shikenan an kore ka ba. Ana duba sau nawa ka yi, da gangan ne ko mantuwa, an ba ka horo yadda ya kamata ko ba a ba ka ba, sannan uwa uba, kai ka kai rahoton kanka ko kama ka aka yi. Wanda ya manta bai kulle sef ba ya je da safe ya faɗa wa jami'in tsaro, sau da yawa yana tsira da aikinsa. Wanda ya ɓoye kuma aka gano, to shi kam ya shiga uku. Wallahi wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don mai ɓoye ƙaramin laifi shi ne wanda gobe ɗan leƙen asiri zai riƙe wa wuya.

To amma mu duba yadda ta kaya a zahiri. Kristian Saucier ƙaramin sojan ruwa ne, ya ɗauki hotuna 6 da wayarsa a cikin jirgin yaƙi na ƙarƙashin ruwa a 2009, kuma matakin sirrin ma mafi ƙanƙanta ne a cikin ukun da suke da su. Da ya ji ana bincike sai ya lalata kwamfutarsa da kyamara, eh ya yi laifi babu musu. A 2016 aka ɗaure shi shekara guda, sai a 2018 Trump ya yafe masa bayan ya riga ya gama zaman.

Shi kuma Janar David Petraeus, tsohon shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA fa, littattafan da yake rubutu a ciki guda 8 ya miƙa wa matar da ke rubuta tarihin rayuwarsa, a ciki har da sunayen jami'an ɓoye da tsare-tsaren yaƙi, kuma da jami'an hukumar bincike ta FBI suka tambaye shi ya yi musu ƙarya. A 2015 aka ci shi tarar dala 100,000 da sa ido na shekara biyu, ko kwana ɗaya bai yi a gidan yari ba. Sandy Berger, tsohon mai ba Shugaba Bill Clinton shawara kan tsaro, ya kwashi takardu daga ma'adanar tarihin ƙasa har ya yayyanka wasu da almakashi, tarar dala 50,000 da sa ido na shekara biyu da aikin al'umma na awa 100 kawai, izinin nasa kuma shekara uku aka dakatar. Uku fa! Mai uwa a gindin murhu kenan.

Kuma abin haushin, ƙaramin ma'aikaci in aka kwace masa izini kotu ma ba ta cika sa baki ba, tun 1988 Kotun Ƙoli ta ce babu wanda wannan izinin ya zama haƙƙinsa. Zai iya ɗaukaka ƙara a cikin hukumomin gwamnatin, amma in akwai shakka gwamnati ake ba gaskiya, kuma aikin nasa gaba ɗaya a kan izinin ya rataya. Su manyan kuwa lauyoyi ne ke zama a sasanta, bayan 'yan watanni ka gan su a talabijin suna sharhi kan tsaron ƙasa.