Ni da faifan da ya ce in danna kowane maɓalli

A gidanmu ni ake kira Injiniya. Asalin sunan shi ne wata rana rimot ya ƙi aiki, na buɗe bayansa na juya batiran, ya kama. Tun daga ranar ban ƙara gyara komai ba, amma sunan ya bi ni, ni ma ban taɓa cewa a daina ba.

To da aka shiga watan Afrilun 2014, labari ya bazu cewa ranar 8 ga wata za a daina kula da Windows XP, babbar manhajar da ke kan kwamfutar cinyata tun ranar da na saye ta. Na ce ba komai, Windows 7 zan ɗora mata, kuma da hannuna. Ƙanwata, wadda ilimin kwamfuta take karanta, ta leƙo ta ce, “Yaya, ko in taya ka?” Na dube ta sama da ƙasa, na ce ta je ta yi karatunta. Abu guda kawai na bari ta yi, shi ma don ta nace: ta kwashe hotunana da takarduna ta zuba a filas, domin daga XP ba a hayewa zuwa 7 kai tsaye, sai an ɗora sabuwa fil.

Faifai na farko na CD ne, mai cin megabait 700, fayil ɗin Windows 7 kuwa, wanda ake kira ISO, ya haura gigabait 2. Wannan ba na ƙirga shi cikin kurakurai, gwaji ne. Na biyu na DVD ne mai gigabait 4.7, ya ɗauke fayil ɗin har da sauran wuri. Na zura shi, na kashe kwamfuta na kunna, sai ga XP ta fito da koren tudunta da shuɗiyar samaniyarta kamar ba a yi komai ba. Ashe fayil ɗin ISO hoton faifai ne sukutum, kuma manhajar ƙona faifai tana da zaɓi na musamman da ke warware shi ta shimfiɗa abin da ke ciki, har da ɗan sashen da kwamfuta ke karantawa ta tashi. Ni kuwa ɗaukarsa na yi a ƙunshe na jefa, kamar wanda aka aika da wasiƙa ya liƙa ambulan a bango ya ce jama'a su karanta. A intanet na gano haka, da wayata, a ɓoye.

Faifai na uku ya ƙonu yadda ya kamata. Na kunna, XP ta sake fitowa tana murmushi.

Nan na koyi cewa kwamfuta tana da jerin wuraren da take dubawa idan an kunna ta, kuma tawa babbar ma'adanarta take fara dubawa. Da ta ga manhaja a can, ba ta ko waiwayar faifai. Sauya jerin sai an shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, ƙofar BIOS kuwa daƙiƙa biyu ko uku take a buɗe. Wasu kwamfutocin F2 suke so, wasu Del, wasu Esc ko F10, wasu kuma F12 ke fito musu da jerin kai tsaye. Tawa tana rubuta nata a ƙasan fuska, amma kafin ido ya sauka ya ɓace. Sau shida ina kunnawa ina makara. A na bakwai na baza yatsu goma a layin sama ina luguden duka, har kwamfutar ta fara ƙara ƙit-ƙit kamar ɗan tsakon da aka taka. Sai ga shuɗin shafi, babu linzami, sai kibiyoyi huɗu. Na tura faifai saman jeri, na danna F10 na adana, na jingina da kujera ina jin kaina kamar wanda ya harba tauraron ɗan'adam.

Fuska ta yi baƙi, rubutu fari ya fito da Turanci: idan kana so a tashi daga faifai, danna kowane maɓalli. Ɗigo-ɗigo na biye da shi. Na danna. Faifai ya yi gurnani, aka tambaye ni harshe, aka nuna mini dogon sharaɗi na amince ban karanta ko layi ba, na zaɓi ɓangaren ma'adana na yi masa fomatin, wato na share duk abin da ke cikinsa. Ta hau kwafe fayiloli tana warware su, kashi ɗaya, kashi biyu, ta tsaya a wani wuri har na ɗauka ta yi barci. Bayan kusan minti arba'in ta ce za ta kashe kanta ta sake tashi.

Ta tashi. Rubutun nan ya sake fitowa: danna kowane maɓalli.

Ni mutum ne mai ladabi. An ce in danna, na danna.

Aka tambaye ni harshe. Na ɗan yi jim, amma na ce wataƙila tabbatarwa take yi, ai ko a asibiti sau biyu ake tambayar suna. Na amince da sharaɗi, na sake fomatin, wato na share aikin minti arba'in da yatsa ɗaya, na zauna ina kallon kashi ɗaya, kashi biyu. Ta sake tashi, ta sake roƙo, na sake dannawa, har da sauri wannan karon don kada ɗigon su ƙare in yi asara.

A zagaye na uku na fara zargin faifan. Na fiddo shi, na hura masa iska, na goge da gefen riga, na ɗaga shi a hasken fitila ina nazari kamar mai duba kuɗin jabu. Na mayar. Ƙarfe ɗayan dare ta wuce, fankar kwamfuta na huci, cinyata ta gasu, ga tsohuwar manhaja na share, ga sabuwa ta ƙi zama. Gaba kura, baya sayaki. Har na soma tsara yadda zan sanar da mutanen gida cewa kwamfutar dama ta tsufa.

Ana cikin zagaye na huɗu ƙanwata ta fito shan ruwa, ta tsaya a bayana ba ta ce uffan ba. Kwamfuta ta sake tashi, rubutu ya fito, na ɗaga yatsa. Caraf ta riƙe mini hannu.

“Yaya, don Allah kada ka taɓa komai.”

“Ba ki ga abin da ta rubuta ba ne?”

“Na gani. Ƙyale ta.”

Ɗigo ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Rubutun ya ɓace, kwamfutar ta tsallake faifai ta tashi daga ma'adanarta, ta ci gaba da aiki daga inda ta tsaya. Ashe tambayar ta karon farko ce kawai. Bayan nan duk abin da ake buƙata ya riga ya sauka a ciki, shirun da za ka yi shi ne amsa. Ta ce, “Sau nawa ka danna?” Na ce sau ɗaya ne, ko biyu. Ta dubi agogo, ta dubi faifai biyun da ke yashe a ƙasa, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Lambar rajista mai haruffa 25 ma sai da ta ba ni aiki, don ni na kwafe ta a takarda da rubutuna, kuma B da 8 nawa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Da aka gama, sabuwar fuska ta fito tas, na nemi intanet babu alamarta. Ƙanwata ta ce, “Ai babu direba.” Na ce da tsakar daren nan ina za mu? Ta zauna a ƙasa don dariya kafin ta iya bayyana mini cewa ƙaramar manhaja ce da ke haɗa Windows da na'urar kama intanet, kuma kamata ya yi in sauko da ita tun kafin in share komai. Yanzu ga shi sai da intanet za a samo direba, sai da direba za a samu intanet. Da kwamfutarta aka sauko da shi, aka kawo a filas, Injiniya na riƙe da fitila.

Da safe mutanen gida suka taru a ga aikina. Na gyara murya, na kunna. Na manta faifan yana ciki. Farin rubutun nan ya fito, na ji yatsana yana motsi da kansa, sai na tura hannuwana biyu ƙarƙashin cinya na danne su da nauyina. Ƙaninmu ya ce, “Yaya, lafiya?” Ƙanwata daga bakin ƙofa ta ce, “Ku yi shiru, aiki yake yi.”